Makami, Haraji da Mai Neman Aiki: Me Ake Jayayya a Kai Game da Kuɗin Gwamnatin Amurka?

Duk lokacin da majalisar dokokin Amurka ta zauna kan kasafin kuɗi, gardama iri ɗaya ce ke tashi, kuma ba ta tsayawa a zauren majalisa. Wani zai ce gwamnati ta zama uwar cima-zaune, tana karɓe gumin mai aiki tana miƙa wa wanda ya ƙi neman na kansa. Wani ya mayar masa da cewa in ana neman masu cin banza na gaske, a leƙa ofisoshin kamfanonin ƙera makamai da ke kwasar ɗaruruwan biliyoyin daloli kowace shekara. Na uku ya ce haraji ne ya yi wa mutane katutu, na huɗu ya ce a'a, masu hannu da shuni ne ba sa biyan abin da ya kamace su.

A ƙarƙashin wannan hayaniya tambaya ɗaya ce: idan kuɗin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba, wa za a rage wa, kuma wa za a ƙara wa kaya? Mutane da yawa suna amsa ta ba tare da sun san girman kowane ɓangare ba. Abin da ya fi damuna kuwa, da ma'aikacin da aka sallama da kamfanin da ke ƙera jirgin yaƙi, duka daga aljihun jama'a suke karɓa, amma ba da sikeli ɗaya ake auna su ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Shekarar kasafin gwamnatin tarayyar Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. A shekarar kasafi ta 2024, gwamnatin ta kashe kusan dala tiriliyan 6.75, ta tara kusan tiriliyan 4.92. Abin da ya rage, wajen tiriliyan 1.8, shi ne giɓin kasafi, kuma da rance aka cike shi. Giɓi na shekara guda ne. Bashi kuwa shi ne tarin giɓin shekaru, wanda ya haura dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024.

Kuɗin da ake kashewa kashi uku ne. Na farko shi ne wanda doka ta riga ta wajabta, ba sai majalisa ta sake amincewa duk shekara ba: fanshon tsofaffi da nakasassu da ake kira Social Security, wanda shi kaɗai ya lashe kusan tiriliyan 1.5, sai inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare, da ta masu ƙaramin ƙarfi ta Medicaid. Wannan kashi ya kai wajen 60 cikin 100 na duk abin da ake kashewa. Na biyu shi ne kuɗin ruwan bashi, wanda a 2024 ya kai wajen dala biliyan 880, har ya ɗan zarce abin da aka kashe kan tsaro. Na uku shi ne wanda majalisa ke zama ta raba duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na kasafin, kuma kusan rabinsa na soja ne.

To ina kuɗin marasa aiki a cikin wannan lissafi? A shekarar da tattalin arziki ke cikin ƙoshin lafiya, ba ya wuce dala biliyan 30 zuwa 40, wato bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kasafin tsaro ya ninka shi fiye da sau 20. Wanda ke zaton za a toshe giɓin tiriliyan 1.8 ta hanyar datse kuɗin marasa aiki bai duba alƙaluman ba. Haka shi ma wanda ke cewa a rage makamai kawai komai zai daidaita: ko da an rufe rundunar sojan Amurka baki ɗaya a 2024, da sauran kusan rabin giɓin.

Kasuwar da mai saye ɗaya ne

Kusan rabin kuɗin ma'aikatar tsaro, wato Pentagon, ba albashin soja ba ne. Kwangila ce ake ba kamfanoni masu zaman kansu su ƙera jirage da makamai masu linzami, su gyara su, su kawo man fetur, su rubuta manhajojin kwamfuta. Manyan cikinsu biyar ne: Lockheed Martin, RTX wanda a da ake kira Raytheon, Boeing, General Dynamics da Northrop Grumman.

Da ba haka suke ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, kasafin soja ya ragu, sai a 1993 mataimakin sakataren tsaro na lokacin, William Perry, ya tara shugabannin kamfanonin a wata liyafar cin abincin dare ya shaida masu cewa aikin da ke tafe ba zai ishe su duka ba, gara su haɗe. Suka kuwa haɗe. Wani rahoto da ita kanta Pentagon ta fitar a 2022 ya nuna cewa manyan 'yan kwangilar makamai sun ragu daga 51 a shekarun 1990 zuwa 5. Ga mai saye ɗaya tilo, ga masu sayarwa 'yan ƙalilan. A irin wannan kasuwa, gasar da ke karya farashi ba ta da ƙarfi, kuma kowane ɓangare ya san ɗayan ba shi da wurin zuwa.

Salon kwangilar ma abin dubawa ne. Akwai wadda ake yanke farashi tun farko, in kamfani ya wuce, asararsa ce. Akwai kuma wadda gwamnati ke biyan duk abin da kamfani ya kashe, sannan ta ɗora masa riba a kai. Da jin ta biyun za a ce ai wannan buɗe ƙofar aringizo ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wanda za a mayar wa duk abin da ya kashe ba shi da dalilin tsimi. Sai dai tana da hujjarta. Idan abin da ake so a ƙera ba a taɓa ƙera irinsa ba, ba wanda ya san nawa zai ci, kuma ba kamfanin da zai yarda ya ɗauki wannan kasada shi kaɗai. Boeing ya karɓi kwangilar jirgin shayar da mai a sama, KC-46, a kan yankakken farashi, ya tafka asarar da ta haura dala biliyan 7. Tun daga nan kamfanoni ke ɗari-ɗari da irin wannan yarjejeniya.

Jirgin yaƙi na F-35 shi ne misalin da kowa ke kawowa. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa, GAO, ya ƙiyasta a 2024 cewa daga ƙera shi zuwa kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, shirin zai ci fiye da dala tiriliyan 2. Mafi yawan kuɗin ba na sayen jirgin ba ne, na gyara da kayan gyara ne na shekaru da dama, kuma waɗannan galibi a hannun kamfanonin da suka ƙera shi suke. Amma abin da ya fi muhimmanci game da F-35 shi ne yadda aka warwatsa aikinsa. Kamfanonin da ke ƙera sassansa suna cikin jihohi fiye da 40 daga cikin 50. Ma'anar wannan ita ce kusan kowane sanata yana da masu zaɓe da ke ci daga wannan jirgi. Ɗan majalisar da ya tashi zai soke shirin, da 'yan mazaɓarsa zai fara faɗa.

Wani lokaci ma sojan ne ke cewa ya isa, majalisa ta ce bai isa ba. A 2012 shugaban rundunar sojan ƙasa, Janar Ray Odierno, ya gaya wa majalisa cewa ba su da buƙatar ƙarin tankokin yaƙi na Abrams a lokacin. Majalisa ta ware kuɗin duk da haka, domin masana'antar da ke Lima a jihar Ohio kada ta tsaya. Masu goyon bayan matakin sun ce in aka rufe masana'antar, ƙwararrun ma'aikata za su watse, buɗe ta daga baya kuma zai fi tsada. Hujja ce mai nauyi. Amma a lura da abin da take nufi: gwamnati ta biya kuɗi don kada wasu mutane su rasa aiki. Wannan shi ma tallafi ne, sunansa ne kawai ya bambanta.

Sai batun shige da fice tsakanin gwamnati da kamfanoni. Mark Esper, sakataren tsaro a mulkin Trump na farko, ya yi aikin kamun ƙafa wa Raytheon a majalisa kafin ya shiga gwamnati. Lloyd Austin, wanda ya riƙe muƙamin a mulkin Biden, yana cikin hukumar gudanarwar kamfanin kafin a naɗa shi. Ba wanda ya karya doka a cikinsu, kuma gwamnatocin jam'iyyu daban suka yi wa aiki. Shugaba Eisenhower, wanda shi kansa janar ne da ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi gargaɗi a jawabinsa na bankwana ranar 17 ga Janairun 1961 cewa a yi hattara da tasirin da haɗakar soja da masana'antun makamai za ta iya samu a kan gwamnati. Ba mai cewa Eisenhower bai san darajar soja ba.

A 2018 aka fara binciken asusun Pentagon gaba ɗaya, kuma har zuwa binciken 2024, karo na bakwai, ba ta taɓa tsallakewa ba. A yi adalci a nan: faɗuwa binciken ba shi ne hujjar an sace kuɗi ba. Abin da yake nufi shi ne ma'aikatar, mai kadarori na kusan dala tiriliyan 4, ta kasa gabatar da takardun da za su gamsar da masu bincike kan inda kayanta suke da darajarsu. Sai dai wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, ba zai san ranar da aka ɗiba ba.

Abin da masu kare kasafin tsaro ke cewa

Suna da magana, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa a daina kallon yawan daloli, a kalli kason da tsaro ke ci daga jimillar abin da ƙasa ke samarwa. Yau kusan kashi 3 cikin 100 ne, alhali a zamanin Shugaba Reagan ya kai wajen 6, a lokacin yaƙin Koriya kuma ya haura 10. Suna nuni da mamayar da Rasha ta kai wa Yukiren a 2022, wadda ta fallasa cewa masana'antun ƙasashen Yamma ba sa iya ƙera harsasan atilare da sauri kamar yadda yaƙi ke cinye su, da kuma yadda China ke faɗaɗa rundunar ruwanta. Ƙasashen NATO ma, da suka amince da kashi 2 cikin 100 a 2014, sun ɗaga burin zuwa kashi 5 a taronsu na birnin Hague a 2025. Suna kuma tunatarwa cewa intanet da tsarin GPS daga binciken soja suka samo asali.

Masu suka suna amsawa da alƙaluman cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke birnin Stockholm: a 2023 duniya ta kashe kusan dala biliyan 2,440 kan soja, Amurka ita kaɗai ta kashe 916, fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Inda na ga hujjar masu karewa ta yi rauni shi ne batun samar da aiki. Gaskiya ne kwangilar tsaro tana ɗaukar mutane aiki, amma kowane kuɗin da gwamnati ta kashe yana yin haka. Wani nazari na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 2011 ya ƙiyasta cewa dala biliyan 1 a harkar soja tana samar da ayyuka wajen 11,000, a harkar ilimi kuwa fiye da 26,000. In tsaro ne dalilin sayen makami, a faɗi haka a kare shi da hujjar tsaro. In kuwa aiki ne dalilin, akwai hanyoyin da suka fi araha.

Kuɗin rashin aiki: sadaka ce ko inshora?

Nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Abin da Amurkawa ke karɓa idan sun rasa aiki inshora ce, kuma tsohuwa ce. Birtaniya ta fara irinta a 1911, jihar Wisconsin ta kafa tata a 1932, sannan dokar Social Security ta 1935, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a tsakiyar babban karyewar tattalin arziki, ta game ƙasar da ita.

Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗin, ta hanyar haraji a kan albashin kowane ma'aikaci. Kason tarayya ƙarami ne, galibi dala 42 a shekara kan kowane mutum, babban kason kuma jihohi ne ke karɓa. Masana tattalin arziki da yawa na ganin a ƙarshe ma'aikacin ne ke ɗaukar wani ɓangare na nauyin, domin kamfani yana lissafa harajin kafin ya yanke albashi. Wato mutumin da ke karɓar kuɗin yau, da guminsa aka tara shi jiya.

Kuma ba kowa ake ba ba. Sai wanda ya yi aiki na wani tsawon lokaci, ya rasa shi ba da laifinsa ba, yana kuma neman wani. Wanda ya ajiye aiki don ganin dama, ko wanda bai taɓa yi ba, ba shi da rabo. Kowane mako ko mako biyu sai mutum ya sake tabbatar wa hukuma cewa yana nema, a jihohi da yawa har da lissafa wuraren da ya tuntuɓa. Yawancin jihohi makonni 26 suke biya, wasu kamar Florida da North Carolina sun rage zuwa 12 idan rashin aiki bai yi tsanani ba. Adadin ma ya danganta da inda mutum yake: a Mississippi mafi yawan abin da za a ba ka a mako dala 235 ne, a Massachusetts ya haura 1,000. A dunƙule, bai kai rabin albashin da aka rasa ba. Saboda waɗannan sharuɗɗa, a shekarun da ba rikici, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na marasa aikin Amurka ne ke karɓar komai.

Shin yana koya wa mutane zaman kashe wando?

Wannan ita ce zuciyar gardamar, kuma amsar gaskiya ba za ta faranta wa kowane ɓangare gaba ɗaya ba. Bincike na shekaru da dama ya nuna cewa idan aka ƙara yawan kuɗin ko tsawon lokacinsa, mutane kan ɗan ƙara jinkiri kafin su karɓi sabon aiki. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma jinkirin ba shi da yawa, kuma ba dukansa ne lalaci ba. Injiniyan da ke da abin biyan haya na wata uku zai iya jira ya sami aikin da ya dace da iliminsa, maimakon yunwa ta tura shi ga duk abin da ya fara gani. Wannan jira riba ce gare shi da ƙasar baki ɗaya.

Annobar korona ta zama gwaji mafi girma. A watan Afrilun 2020 rashin aiki a Amurka ya kusa kai kashi 15 cikin 100. Dokar tallafin korona da ake kira CARES ta ƙara wa kowane mai karɓa dala 600 a mako har ƙarshen Yuli, abin da ya sa mafi yawansu suka riƙa samun fiye da albashinsu na da. Masu kamfanoni suka koka cewa ba sa samun ma'aikata. A tsakiyar 2021, lokacin ƙarin ya koma dala 300, kusan rabin jihohi suka yanke shi tun kafin wa'adinsa ya cika, da fatan mutane za su yi tururuwa zuwa aiki. Masu bincike da suka bi diddigin abin sun gano cewa ƙaruwar masu komawa aiki kaɗan ce, amma raguwar abin da iyalai ke kashewa babba ce. Yawancin waɗanda aka yanke wa ba su sami aiki nan take ba, cefane kawai suka rage.

Wannan ya kai mu ga amfanin da ba a cika ambata ba. Mai karɓar kuɗin rashin aiki ba ya ajiye shi, nan da nan yake kashe shi kan haya da abinci da magani. Idan masana'anta ta rufe a gari, wannan kuɗin ne ke hana shagunan garin su bi ta. Shi ya sa a rikicin kuɗi na 2008 zuwa 2010, da rashin aiki ya kai kashi 10 cikin 100, aka tsawaita biyan har zuwa makonni 99 a jihohin da abin ya fi ƙamari.

Masu suka suna da babbar hujja guda, kuma ba za a ɓoye ta ba. GAO ya ƙiyasta cewa an yi zambar tsakanin dala biliyan 100 zuwa 135 a shirin lokacin korona. Kuɗi ne mai yawan gaske. Sai dai da yawa daga ciki ba ma'aikatan da aka sallama ne suka ci ba, gungun 'yan damfara ne da suka yi amfani da bayanan mutane na sata, suka yi wa tsofaffin na'urorin kwamfutar jihohi rubdugu. Maganin wannan shi ne gyara na'urori da tantancewa.

Haraji: tambayar da kowa ke kauce wa

Kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin tarayya daga harajin samun mutane yake fitowa, wajen kashi ɗaya cikin uku daga harajin da ake cira kai tsaye daga albashi don fansho da lafiya, kusan kashi 10 cikin 100 kuma daga ribar kamfanoni.

Harajin samu hawa-hawa ne, matakai bakwai daga kashi 10 zuwa 37 cikin 100. Mutane da yawa suna zaton in ƙarin albashi ya tura ka mataki na gaba, duk kuɗinka za a caje a sabon mataki, har ka gwammace ba a ƙara maka ba. Ba haka ba ne. Abin da ya haura iyakar ne kawai ake caja da sabon kaso. Haka ma idan an ce a shekarun 1950 matakin ƙoli ya kai kashi 91, ba wai attajiri yana miƙa kusan duk dukiyarsa ba ne. Ɓangaren sama na samunsa ne kawai, kuma kafofin kaucewa sun yi yawa a lokacin. Reagan ya sauko da shi har zuwa 28 a 1988.

A yaƙin neman zaɓen 2012, an naɗi muryar Mitt Romney, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, yana cewa kashi 47 cikin 100 na Amurkawa ba sa biyan harajin samu. Alƙaluman ba su yi nisa da gaskiya ba, amma sun bar rabin labarin. Da yawa daga cikin mutanen tsofaffi ne masu cin fansho, mafi yawan sauran kuma ma'aikata ne da ake cire wa kashi 7.65 cikin 100 daga albashi tun daga dalar farko, ban da harajin sayayya na jihohi. Harajin fanshon ma yana da rufi: a 2024, abin da ya haura dala 168,600 ba a taɓa shi. Ma'aikaciyar jinya tana biya a kan duk albashinta, mai samun miliyan kuwa a kan ɗan ɓangare kawai. Attajiri Warren Buffett da kansa ya rubuta a 2011 cewa kason da yake biya bai kai na ma'aikatan ofishinsa ba, domin ribar hannun jari harajinta ya fi na albashi sauƙi. A ɗaya hannun kuma, gaskiya ne cewa kashi 1 cikin 100 na masu samu mafi yawa su ke biyan wajen kashi 40 cikin 100 na harajin samu na tarayya. Duka maganganun biyu daidai ne, kowa yana ɗaukar wadda ta yi masa.

Sai tsohuwar da'awar nan cewa rage haraji yana biyan kansa, wai tattalin arziki zai bunƙasa har kuɗin shiga ya ƙaru. A wani yanayi, in harajin ya yi tsananin yawa, tana iya yiwuwa. A matakin da Amurka take, gwaji bai goyi bayanta ba. Gwamna Sam Brownback ya gwada a jihar Kansas a 2012, asusun jihar ya rame, makarantu da hanyoyi suka ji a jikinsu, har a 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ta Republican ke da rinjaye a ciki, ta soke mafi yawan ragin duk da ya hau kujerar na ƙi. Dokar Trump ta 2017 da ta rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 ta ƙara zuba jari a wasu fannoni, amma ba ta mayar da kuɗin da ta ci ba.

Wanzami ba ya son jarfa. Mai zaɓe yana son a rage kashe kuɗi, amma ban da fanshonsa, ban da asibitin mahaifiyarsa, ban da sansanin sojan da ke garinsu. 'Yan Republican ba sa son taɓa haraji da tsaro, 'yan Democrat ba sa son taɓa fansho da lafiya, kuma sun yi alkawarin ba za su ƙara wa matsakaita haraji ba. Da aka cire duk waɗannan, ɗan abin da ya saura shi ake ta kokawa a kai, kuma a nan ne marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi suke, mutanen da ba su da masu yi masu kamun ƙafa a Washington.

Yadda abin ke sauka a kan talaka

Rance ba ya ciwo ranar da aka ci shi. Yana fitowa daga baya a matsayin kuɗin ruwa, wanda yanzu ya kai girman kasafin soja, kuma ba ya sayen jirgi, ba ya biyan malami. Idan gwamnati na yawan neman rance, tana iya tura kuɗin ruwa sama ga mai son sayen gida ko mota. Ga kuma wa'adin da ke matsowa: amintattun asusun fanshon tsofaffi sun yi hasashe a 2025 cewa ajiyarsa za ta ƙare wajen 2033, kuma in majalisa ba ta yi komai ba, za a rage wa kowane mai karɓa fiye da kashi ɗaya cikin biyar.

Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta nuna yadda ake warware wannan gardama a aikace. Ta dawwamar da mafi yawan ragin harajin 2017, ta ƙara wa tsaro kusan dala biliyan 150, ta kuma datse ɗaruruwan biliyoyi daga Medicaid da tallafin abinci a cikin shekaru goma. Ofishin kasafi na majalisa, CBO, ya ƙiyasta za ta ƙara wa giɓi wajen dala tiriliyan 3.4 a wannan tsawon lokaci. Masu goyon bayanta sun ce ta hana haraji ya hau kan iyalai, kuma neman mai lafiya ya yi aiki kafin a ba shi tallafi ba zalunci ba ne.

Ban ƙi a tambayi mai karɓar tallafi hujja ba, kuɗin jama'a ne. Abin da nake so shi ne a yi wa kowane mai karɓa tambayar da ƙarfi iri ɗaya. A ƙarƙashin sabuwar dokar, daga farkon 2027 miliyoyin manya masu cin gajiyar Medicaid za su riƙa nuna shaidar sa'o'i 80 na aiki, karatu ko hidimar al'umma a wata, in ba haka ba su rasa inshorar lafiyarsu. Pentagon kuwa, majalisa ta ba ta har ƙarshen 2028 ta gabatar da asusun da masu bincike za su iya sa wa hannu, shekara goma bayan an fara tambayarta.